Jitar bes: kiɗan da ƙirji ke ji kafin kunne

Kawuna yana da wata rediyo mai cin kaset da ba ya bari kowa ya taɓa masa. Abu ɗaya ne ba ya so a jikinta, wato sifikarta, wai muryarta siririya ce kamar kukan sauro. Ran nan sai ya samo wata babbar sifika a wurin mai gyaran rediyo, ya ja mata waya, ya ɗauko tsohon tulun da ya daina riƙe ruwa, ya kifa ta a bakinsa, ya toshe gefe da tsumma. Ya sa kaset ɗin Michael Jackson. Ganga ta fara ita kaɗai, tim-tas, tim-tas, can sai ga wani abu ya shigo ta ƙasa yana takawa kamar mai sanɗa a soro da tsakar dare. Kawu ya ce, "Zo nan, yaro, ɗora tafinka a jikin tulun." Na ɗora, na ji yumɓu yana rawa har gwiwar hannuna. Na ce, "Kawu, mene ne wannan?" Ya ce, "Bes ke nan. Shi ba a kunne yake tsayawa ba."

Sai da na girma na san cewa waƙar sunanta Billie Jean, kuma abin da ya girgiza tulun nan yatsun wani mutum ne mai suna Louis Johnson a kan tsirkiya huɗu. Miliyoyin mutane suna iya rera wannan kiɗa da baki. Waɗanda suka san sunan makaɗin ba su taka kara sun karya ba. Wannan ya daɗe yana damuna, shi ya sa nake so mu warware lamarin: mene ne jitar bes, me ke sa wani kiɗanta ya maƙale a kai shekara arba'in, kuma me ya sa masu ita suke ɓacewa a bayan fage.

Jitar bes ƙanwar jita ce a shekaru, amma yayarta ce a murya. Wuyanta ya fi tsawo, tsirkiyoyinta huɗu ne masu kauri, kuma wadda ta fi kauri a cikinsu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan'adam kuwa daga wajen 20 yake fara kama sauti. Ka ga ke nan tana zaune ne dab da iyakar ji, inda sauti ke komawa girgizar da fata da ƙashi ke karɓa. Kafin ta zo, aikin yana hannun wani ƙaton goge na tsaye wanda ya kai tsayin mutum, ana jan tsirkiyarsa da yatsa. Ɗaukarsa wahala, kuma da jitar lantarki da ganguna suka fara ɗaga murya sai aka daina jin sa. A 1951 wani tsohon mai gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya, Leo Fender, ya fito da wadda ya kira Precision Bass: ana rataya ta a kafaɗa, ana jona ta da lantarki, kuma an gitta mata ƙarafuna a wuya ta yadda yatsa zai sauka daidai kan sautin da ake nema. Fender bai iya kaɗa jita ba. Amma kusan duk kiɗan rok da pop da ya biyo baya a kan abin da ya ƙera ya tsaya.

Aikinta a cikin ƙungiya guda biyu ne a haɗe. Mai ganga yana riƙe lokaci, amma gangarsa ba ta hawa ba ta sauka yadda murya ke yi. Mai waƙa da mai fiyano suna hawa suna sauka. Mai bes yana tsakani, ƙafa ɗaya wajen mai ganga, ɗaya wajen mai waƙa. Sannan kunne yana da wata ɗabi'a: sautin da ya fi zurfi a cikin abin da yake ji, shi yake ɗauka a matsayin tushe, sauran duka a kansa yake auna su. Mai fiyano zai iya barin yatsunsa inda suke, mai bes ya sauya sauti ɗaya tak a ƙasa, waƙar da ke murmushi ta koma mai juyayi. Yawancin masu bes abin da suke yi shi ne su bi babbar gangar ƙafa su riƙa buga tushen nan. Aiki ne mai daraja, kamar gishiri a miya, sai babu shi ake cigiya.

Waɗanda muke tunawa kuwa wani abu suka ƙara. A wurinmu akwai kalmar da ta dace da shi sarai, wato take. Mai kalangu zai buga taken ɗan dambe, tun ba a ambaci suna ba filin ya ɗauki sowa, domin kowa ya gane wa ake kira. Take gajere ne, ana maimaita shi, kuma na mutum ɗaya ne. Haka fitaccen kiɗan bes yake ga waƙa. Daƙiƙa biyu sun isa.

Ɗauki Good Times, wadda ƙungiyar Chic ta birnin New York ta fitar a 1979. Bernard Edwards yana buga sauti ɗaya sau uku, dum, dum, dum, sai ya ɗan dakata, sannan ya hau tsani da sauri, ya sake komowa. Ni a wurina duk sirrin yana cikin dakatawar nan. Bugu uku sun koya wa jikinka abin da zai jira, na huɗu bai zo ba, sai ƙafarka ta cike gurbin da kanta. Mai sauraro ya zama ɗan ƙungiya bai sani ba. Kafin shekarar ta ƙare, Sugarhill Gang sun hau kan wannan take suka yi Rapper's Delight, waƙar da ta fara fitar da kiɗan rap daga unguwannin New York zuwa duniya. Sai da Edwards da abokin aikinsa Nile Rodgers suka yi barazanar zuwa kotu aka sa sunayensu a matsayin marubuta.

John Deacon na ƙungiyar Queen, mutum mai kunya wanda ba ya son magana da 'yan jarida, ya yi zama da 'yan Chic a situdiyo, kuma a 1980 ya fito da Another One Bites the Dust. Bugu ukun nan na Edwards suna nan, amma Deacon ya datse su, ya busar da su, ya ƙi hawa tsanin. Kowane sauti yana kashe shi tun bai gama fita ba. Na Edwards biki ne, na Deacon kuwa kamar ana buga ƙofa da dare. Michael Jackson ne ya ba su shawarar su fitar da ita ita kaɗai a faifai, ta kuwa hau matsayi na ɗaya a Amurka. Shekara ɗaya bayan haka, a Montreux ta ƙasar Suwizalan, Queen da David Bowie suka yi Under Pressure, wadda takenta sauti biyu ne kacal: ɗaya ana nanata shi, ɗaya ana faɗawa kansa a ƙarshe. Yaron da ya kama jita yau zai iya buga shi gobe. Duk da haka, da mawaƙin rap Vanilla Ice ya ɗauke shi a 1990 ba izini, babu wanda ya yi shakkar inda ya samo, kuma dole ya biya.

Na san masu cewa wannan ai ba gwaninta ba ce, sauti biyu ko uku wa zai kasa? Ban yarda da su ba. Buga shi ne mai sauƙi. Gano shi, da sanin inda za a yi shiru, da haƙurin maimaita shi minti huɗu ba tare da yatsa ya yi ƙaiƙayin ƙawa ba, wannan ba kowa ba. Wanda ya taɓa sauraron Ɗan Maraya Jos yana riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya san abin da nake nufi.

Billie Jean ta bi wata hanyar daban, ita babu dakatawa a cikinta ko kaɗan. Sautuka takwas ne masu tsawo ɗaya, suna zagayawa suna komowa inda suka fara, kamar mutumin da damuwa ta hana shi zama yana kai-kawo a tsakar ɗaki. Labarin waƙar ma na zargi ne da fargaba, kuma bes ɗin ya riga muryar faɗin haka. Kusan daƙiƙa 29 ake yi kafin Jackson ya buɗe baki. Quincy Jones, wanda ya shirya kundin Thriller na 1982, ya so a rage wannan gabatarwa saboda gidajen rediyo ba sa son dogon jira. Jackson ya ƙi, ya ce wurin ne ke sa shi rawa. Gaskiya tana wurinsa.

Akwai kuma Money ta Pink Floyd, a kundin The Dark Side of the Moon na 1973, wadda nake so saboda wata dabara da ta ɓoye a fili. Kusan duk kiɗan rok a kan ƙirga huɗu yake tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma. Taken da Roger Waters ya buga a kan bakwai yake. Gwada ka gani: sa waƙar, ka fara ƙirga daga sautin farko, za ka iske ya komo kafin ka ce takwas. Kullum da saura ɗaya, kamar ɗan kasuwar da ke ƙirga cinikinsa bai cika ba, ga kuma ƙarar sulalla da injin kuɗi da aka jera su ma a kan bakwai ɗin. Abin mamaki shi ne ba ka jin tangal-tangal, domin taken ya zauna daram har jiki ya saba. Sai David Gilmour ya zo nuna gwanintarsa a jita ne ake komawa huɗu, ka ji kamar an buɗe taga, sannan a sake rufe ta.

Wasu zan ambace su ne a gurguje. John McVie a The Chain ta Fleetwood Mac, 1977, sai waƙa ta yi nisa komai ya lafa sannan ya shigo shi kaɗai, kuma BBC ta shafe shekaru tana buɗe shirin tseren motoci na Formula One da wannan gaɓa. Larry Graham na Sly and the Family Stone yana matashi yana kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, sai ya fara dukan tsirkiya da babban yatsa yana fizgar wata da manuni don ya cike gurbin gangar, salon da ya game duniya daga baya. Bakithi Kumalo, ɗan Afirka ta Kudu, shi ne mai gudun nan na walƙiya a You Can Call Me Al ta Paul Simon a 1986, inda rabin farko yatsunsa ne, rabi na biyu kuma naɗin ne aka juya da baya. Shi kuwa taken Seven Nation Army da 'yan kallon ƙwallo ke rerawa a filayen Turai, wanda duk mai zuwa gidan kallo ya san shi, ba bes ba ne ma. Mai waƙar, Jack White, jita ya buga ya bi da ita ta wata na'ura mai zurfafa murya, waƙar ta fito a 2003.

To me ya sa, da duk wannan, bes ya daɗe a ɓoye? Dalili na farko na na'ura ne. A faifan garmaho sauti layi ne da aka sassaƙa, allura tana bi. Sauti mai zurfi yana buƙatar layi mai faɗin lanƙwasa, yana cin wuri, kuma in ya yi yawa allurar garmaho mai araha tsalle take yi, mai saye ya maido faifai kanti. Saboda haka injiniyoyin kamfanoni, musamman a Ingila, rage shi suke yi. 'Yan Beatles suna jin faifan da ke zuwa daga Amurka bes ɗinsu cike, nasu kuma a shaƙe, suka dame injiniyoyin situdiyon Abbey Road da ƙorafi. A 1966, wajen naɗar Paperback Writer, aka yi wata dabara: aka ɗauki babbar sifika aka juya wayoyinta ta koma makirfo, aka ajiye ta gaban sifikar mai bes ɗinsu Paul McCartney, domin faffaɗan bakinta ya fi kama sauti mai zurfi. Duk sanda na tuna wannan sai tulun Kawu ya faɗo mini a rai.

McCartney kansa ba da son ransa ya fara ba. Da Stuart Sutcliffe ya bar ƙungiyar a 1961 suna Hamburg ta Jamus, babu mai son karɓar bes, sai ta faɗo kansa. Bahago ne, don haka ya sayi Höfner mai siffar goge, wadda ko an juya ta ba ta zama bambaraƙwai. Daga baya ya mayar da ita murya ta biyu a cikin waƙa. A Come Together ta 1969, John Lennon ya kawo waƙar da sauri, McCartney ya ce a rage gudu, ya sa mata taken nan da ke zamewa sama ya rataya kafin ya sauko. Cire shi, abin da zai rage kaɗan ne. Kuma McCartney bai ɓoye inda ya koyo ba. Ya sha faɗin cewa mai bes ɗin faifan kamfanin Motown na Amurka ne ya buɗe masa ido, alhali a lokacin ko sunan mutumin bai sani ba.

Matsalar na'ura ba ta ƙare ba, sai ma ta sake kama. Yau yawancinmu a sifikar waya muke jin kiɗa, abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ta iya tura iskar da sauti mai girgiza 41 ke buƙata. Abin da kake ji inuwarsa ce: kowace tsirkiya tana fitar da wasu ƙananan sautuka a sama da na asali, ƙwaƙwalwa kuma tana bin su ta ƙiyasta tushen da bai iso ba. Shi ya sa za ka gane taken amma ba za ka ji shi a ƙirji ba. Duk wanda zai gwada waƙoƙin da na ambata, don Allah ya nemi iyafis mai kyau ko sifika mai ɗan girma.

Dalili na biyu na kuɗi ne da suna, kuma shi ya fi ci mini rai. A tsarin haƙƙin mallaka na Turai da Amurka, marubucin waƙa shi ne mai kalmomi da karin da ake rerawa. Makaɗin haya ana biyan sa na yini, ya sa hannu ya tafi. Deacon da Waters da McCartney da Edwards 'yan ƙungiya ne kuma marubuta, sun ci moriyar abin da suka shuka. Herbie Flowers fa? A 1972 aka kira shi situdiyon Trident a Landan don Walk on the Wild Side ta Lou Reed. Ya buga babban goge na tsaye, sannan ya ɗora jitar bes a kai, ɗaya tana zamewa ƙasa ɗaya tana zamewa sama, suna rabuwa suna haɗuwa. Wannan zamiya ita ce fuskar waƙar. Fam 17 aka ba shi. Da ƙungiyar A Tribe Called Quest ta gina Can I Kick It? a kan taken nan a 1990, wurin Lou Reed kuɗin suka nufa, domin sunansa ne a takarda. Carol Kaye ta buga a dubban naɗe-naɗe a Los Angeles, ciki har da na Beach Boys, shekaru da yawa ba a rubuta sunanta a bayan faifai.

Mutumin da McCartney bai san sunansa ba shi ne James Jamerson. An haife shi a 1936 a jihar Karolina ta Kudu, ya taso ya zama mai babban goge a gidajen jaz na Detroit, sannan ya shiga rukunin makaɗan da ake kira Funk Brothers, waɗanda ke zaune a ƙaramin situdiyon kamfanin Motown na Berry Gordy suna buga wa duk mawaƙin da aka kawo. Supremes, Temptations, Four Tops, Stevie Wonder, Marvin Gaye: a ƙarƙashin yawancin fitattun waƙoƙinsu na shekarun 1960 shi ne. Da yatsa ɗaya yake bugawa, manunin dama, wanda aka yi wa laƙabi da ƙugiya. Ba ya sauya tsirkiya sai ta tsinke, ba ya goge wuyan jitarsa, yana ganin dauɗar nan ce ke ba ta murya mai kauri.

Saurari farkon My Girl ta 1964. Kafin jita, kafin kowa, shi ne ke bugawa kamar zuciyar saurayin da ya hango budurwarsa daga nesa. Wannan shi ne Jamerson mai sauƙi. Na biyun yana cikin What's Going On ta Marvin Gaye, wadda ta fito a 1971, inda ba ya maimaita abu ɗaya sau biyu a jere, yana shiga tsakanin bugun ganga, yana riga lokaci da ɗan kaɗan, yana bin sautukan da ba a zata ba, amma bai taɓa sakin tushe ba. Kamar dattijo ne yana amsa wa mai waƙa, yana tausar sa. Abokan aikinsa sun ba da labarin cewa a gidan giya aka samo shi a daren, ya kasa zama a kan kujera, ya buga ta yana kwance rigingine a ƙasa. Giyar nan ita ce ta ci shi daga baya, kuma ba na jin labarin a matsayin abin burgewa. Abin da nake riƙewa shi ne a kundin nan ne Motown ta fara buga sunayen makaɗanta, bayan sama da shekara goma yana yi mata aiki.

A 1972 kamfanin ya tattara ya koma Los Angeles. Jamerson ya bi, amma zamani ya sauya, masu shirya faifai suna son sabuwar tsirkiya mai ƙara da salon dukan babban yatsa, shi kuwa ya ƙi sauya komai. Kira ya ragu, lafiya ta tafi. A watan Maris na 1983 Motown ta yi bikin cika shekara 25 a Pasadena, aka naɗa don talabijin. Makusantansa sun ce tikiti ya saya a waje, ya hau bene ya zauna cikin 'yan kallo, yana jin wasu suna buga takensa. A daren nan ne Michael Jackson ya fito da baƙar hula da safar hannu ɗaya, ganga ta fara tim-tas, bes ɗin Billie Jean ya shigo, ya yi tafiyar nan tasa ta zamewa da baya, zauren ya kaure da ihu. Jamerson ya rasu ranar 2 ga Agusta na wannan shekarar yana da shekara 47, 'yan kwanaki bayan an sace jitarsa Precision Bass daga gidansa. Sai a 2000 aka shigar da sunansa zauren karrama gwanayen rok da ke Cleveland.